Get bawul, bol bawul da sitof-kok: wanne ya dace a bakin tanki, wanne a cikin bango?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana aikin famfo da ke cikin wannan zaure. Ginin da nake yi a Kano ya kai matakin shimfiɗa bututun ruwa. Bene ne mai hawa ɗaya, da rijiyar burtsatse a tsakar gida, da tankin roba mai cin lita 2,000 wanda za a ɗora a kan hasumiyar ƙarfe. Mai aikin ya rubuto mini jerin kayan da za a saya, na ga bawul iri-iri a ciki: get bawul, bol bawul, sitof-kok, nan-ritan da angil bawul, kowanne da adadinsa da kuɗinsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tun da dukkansu buɗe ruwa da rufe shi suke yi, me zai hana a sayi iri ɗaya mai sauƙin kuɗi a sa shi ko'ina? Ba na son in zargi mai aikin da cusa kaya alhali ban sani ba, ba na kuma son in rage abin da zai sa a fasa tayil daga baya.

Tsohon Mai Famfo

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a shiga lafiya. Mai aikinka bai cusa maka kaya ba, domin aikinsu ya bambanta ko da yake a ido sun yi kama. Akwai wanda aka ƙera don ya zauna a buɗe gaba ɗaya ko a rufe gaba ɗaya, akwai wanda aka ƙera don rage ruwa da ƙara shi, akwai kuma wanda ba ya jiran hannun kowa, ruwan ne da kansa yake buɗe shi ya rufe shi.

Get bawul shi ne mai zagayayyen kai da ake murzawa sau da yawa. A cikinsa akwai faifan tagulla da ke hawa sama idan an kwance, ya sauko ya toshe hanya idan an ɗaure, kuma idan aka buɗe shi har ƙarshe faifan yakan kauce gaba ɗaya ruwa ya wuce kai tsaye, shi ya sa muka tashi muka tarar ana sa shi a bakin tanki. Bol bawul kuwa ƙwallo ce mai huda a tsakiya, an danne ta tsakanin zobba biyu na farar roba, da dogon hannu a sama. Idan hannun ya miƙe tare da bututu ruwa na tafiya, idan ya gicciye an rufe. Sitof-kok tsarinsa irin na tsohon kan famfo ne, wato washa ce take sauka a kan mazauninta, ruwan kuma sai ya karkata ya hau ta ƙarƙashin washar kafin ya fita, don haka za ka ga kibiya a jikinsa tana nuna hanyar da ruwa zai bi. Daga cikin ukun nan shi kaɗai ne ya dace a bar shi a rabi. Get bawul idan aka bar shi a rabi faifan yana ta kaɗawa har gefensa ya cinye, bol bawul kuma ruwan yana zaizaye zobban robar har ya daina rufewa sarai.

Shawarata ita ce get bawul mai nauyi a bakin tanki, sitof-kok a kowane banɗaki da kicin, angil bawul, wato ƙaramin bawul mai kusurwa da ke fitowa daga bango, a ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da tankin masai, sannan nan-ritan, wanda ke barin ruwa ya wuce amma ba ya barinsa ya koma baya, a kan bututun da ya fito daga rijiya. Bol bawul ba na ƙinsa, amma a babban layi ba na son abin da yaro zai juya da hannu ɗaya, kuma rufewarsa farat ɗaya tana girgiza bututu.

Injiniyan Ruwa

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Rabe-raben da ka yi babu abin ƙarawa, amma a kan bakin tanki ina da ja. Ruwan burtsatse yakan taho da yashi mai laushi, musamman a watannin farko bayan haƙa, kuma a ƙasan get bawul akwai wani ɗan kwarmi inda faifan yake zama idan ya sauko. Bawul ɗin bakin tanki yakan shekara a buɗe ba wanda ya taɓa shi, yashi na ta kwanciya a kwarmin nan, ranar da bututu ya fashe aka zo rufewa sai faifan ya kasa kaiwa ƙasa. Daga nan mutum ya ƙara ƙarfi, zaren sandar ya cinye, kan ya riƙa juyawa a banza ruwa na ci gaba da zuba. Ƙwallon bol bawul kuwa tana share mazauninta duk lokacin da aka juya ta, kuma daga ƙasa ma mutum zai kalli hannun ya san a buɗe yake ko a rufe. Dalilin da ya sa iyayenmu ba su saba da shi ba shi ne farar robar da ke riƙe ƙwallon, wato teflon, sai a 1938 aka gano ta a Amurka, kuma sai da ta wadata bol bawul ya yaɗu.

Girgizar da Baba ya ambata gaskiya ce, an ma auna ta tun 1898 lokacin da masanin Rasha Nikolai Zhukovsky ya kammala gwaje-gwajensa a kan bututun ruwan birnin Mosko. Ƙarin matsin da ake samu ya danganta ne da saurin ruwan da aka tsayar da kuma irin bututun. A bututun ƙarfe, tsayar da ruwa mai gudun mita 1 a daƙiƙa farat ɗaya na iya ƙara sama da bar 10 (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa), a bututun roba kuwa ba ya kai rabin haka saboda robar tana ɗan buɗewa ta shanye bugun. Inda abin yake da haɗari shi ne dogon layin da inji ke turawa. A bakin tanki kuwa ba a rufewa sai za a yi gyara, kuma wanda ya juya hannun sannu a hankali ba zai ji komai ba.

Alhaji, kafin in ƙara wani abu, tsayin hasumiyar nawa ne, kuma akwai shawa a saman bene?

Baban Khalifa

Na gode muku Baba da Injiniya. Maƙerin ya ce tankin zai zauna a kan mita 9 daga ƙasa. Banɗaki biyu ne a sama, kowanne da shawa da hita, uku kuma a ƙasa. Bututun da aka rubuta koren PPR ne, wato na roba da ake narkawa a haɗa, mai lamba 25 daga tanki, mai lamba 20 a cikin banɗakuna.

Injiniyan Ruwa

To a nan matsalarka take, Alhaji, kuma ta fi ta zaɓen bawul girma. Ruwan da ke saukowa daga tanki ba shi da wani ƙarfi sai na tsayinsa, kuma kowane mita 10 na tsayi kusan bar 1 ne. Kan shawar da ke saman bene zai kai kimanin mita 5 da rabi daga ƙasa, ke nan tsakaninsa da gindin tankin mita 3 da rabi ne, wato bar 0.35, ya ɗan ƙaru idan tankin ya cika. Wannan ɗan ƙarfin ne kowace gwiwa da kowane bawul za su yi ta gutsura kafin ya kai kan mai wanka.

Lambar da ke jikin PPR faɗinsa ne daga waje. Mai lamba 25 na ajin PN20 (lambar matsin da yake ɗauka) cikinsa milimita 16.6 ne kawai, mai lamba 20 kuma 13.2, saboda kaurin bangonsa. Ɗaukar banɗaki biyar a kan hudar da ba ta kai milimita 17 ba zai sa idan aka buɗe famfon kicin shawar sama ta ɗauke. Ka sa a fito daga tanki da mai lamba 40 ko 50, a rabu zuwa 32, a shiga banɗaki da 25, kuma a ware wa saman bene layinsa daban tun daga tanki, kowane layi da bawul ɗinsa.

Bol bawul ma iri biyu ne. Akwai wanda hudar ƙwallonsa ta yi daidai da cikin bututu, akwai kuma wanda aka tsuke hudar ta koma ta girman da ke ƙasa da shi don a rage tagulla. Ka leƙa cikinsa kafin ka biya, ka zaɓi mai cikakkiyar huda. Saboda wannan lissafin ne ma nake shakkar sitof-kok a banɗakunan sama, domin a cikin bawul ɗin gida babu wanda ya kai shi cin ƙarfin ruwa, tun da ruwan sai ya karkata sau biyu a cikinsa ta matsattsiyar hanya.

Tsohon Mai Famfo

Injiniya, maganar girman bututu na goyi bayanka ɗari bisa ɗari, amma sitof-kok ɗin cikin bango ba zan sake shi ba, kuma dalilina na gyara ne. Wanda ake binnewa a bango kansa kaɗai yake fitowa ta cikin tayil. Ranar da ya fara ɗiga, sai a rufe daga tanki, a sa sufana a kwance kan gaba ɗaya daga gaba, a canja washa ko a sa sabon kai, a mayar, tayil ko ɗaya bai fashe ba. Bol bawul ɗin da aka narka da PPR a cikin bango kuwa ba shi da abin canjawa, ranar da zobensa ya gaji sai guduma da kurfi. Idan ana tsoron cin ƙarfi, a sa sitof-kok wanda ya ɗara bututun da mataki ɗaya, a buɗe shi har ƙarshe. Idan kuma lallai bol bawul ake so, a fitar da shi wajen gini ta bayan banɗaki inda hannu zai kai, a sa masa yuniyan a gefe don a iya cire shi ba sai an yanka bututu ba.

Get bawul kuwa, abin da Injiniya ya faɗa yana faruwa, sai dai laifin rashin kula ne. Idan aka buɗe shi har ƙarshe ana mayar da kan baya kamar kwata, don kada zaren ya cije, kuma sau biyu a shekara a rufe shi a buɗe don yashin ya wuce. Idan ya fara tsattsafo ta wuyan sanda, ƙaramin notin da ke ƙasan kan ake ɗan ƙara wa ɗauri. Na sha kwance na tsofaffin gidajen ma'aikata waɗanda suka girmi wasu a zauren nan, na wanke na mayar suna aiki.

Mai Shago a Ƙofar Ruwa

Baba, irin waɗanda kake magana ai yanzu sai an tona. Ni da nake sayarwa zan faɗa wa Alhaji abin da ke kasuwa, domin gardamar get bawul da bol bawul ba ta da amfani idan abin da aka sayo ba tagulla ba ne. Da yawa daga cikin masu arahar nan haɗin tutiya ne aka shafa masa ruwan ɗorawa ko aka yi masa farin rufi mai sheƙi. Irin wannan yakan tsage daga bakin zare tun wurin ɗauri, ko kuma ya yi wata da watanni sannan ya ɓare da tsakar dare. Maganaɗisu ba zai taimake ka ba, saboda ba ya kama tagulla kuma ba ya kama tutiya, ƙarfe kawai yake tonawa. Abin da ake yi shi ne a ɗauki biyu masu girma ɗaya a gwada nauyinsu a hannu, domin tagulla ta fi tutiya nauyi sosai, sannan a ɗan karce cikin zaren da ƙusa: idan launin ɗorawa ya ci gaba har ciki tagulla ce, idan toka-toka ya bayyana a ajiye shi.

A jikin masu kyau za ka ga girma, da lambar matsin da yake ɗauka kamar PN16 ko PN25, wasu kuma da CW617N, wadda ke nuna irin tagullar da aka buga shi da ita. Rubutu dai ana kwaikwayonsa, don haka a haɗa shi da nauyi. A yau samun bol bawul na gaske ya fi samun get bawul na gaske sauƙi, a nan ina tare da Injiniya. A duba hannun kuma, domin na baƙin ƙarfe yana tsatsa a kan hasumiya cikin damina biyu ko uku, notin ya ruɓe, a zo rufewa hannun ya fita.

Bol bawul na roba mai hannu ja da ake mannawa da gam shi ne mafi araha, kuma a layin lambu ko magudanar wanke tanki babu laifi. Amma rana tana busar da shi, yana kuma ƙagewa idan ya daɗe ba a juya ba, sai hannun ya karye ya bar ƙwallon yadda take. Araha ba ta ado, kada a sa shi a bakin tankin da ke shan rana tun safe. Angil bawul ma kada a raina shi don ƙanƙantarsa, domin igiyar ruwan nan mai saƙar ƙarfe da ke haɗa shi da tankin masai ita ce ta fi saurin fashewa a gida, kuma shi ne zai ba ka damar rufe wuri ɗaya sauran gida na da ruwa.

Maman Yusra

Assalamu alaikum. Tun da an ambaci hita, ina da tambaya ga Malam Injiniya. A ƙasan hitar banɗakinmu, a kan bututun ruwan sanyi, akwai wani ɗan bawul mai ƙaramin hannu da ɗan baki a gefe. Duk lokacin da aka kunna hitar sai ya riƙa ɗiga har ya ɓata bango. Wanda ya zo dubawa ya ce zai toshe bakin, ko ya cire shi ya sa angil bawul a madadinsa. Shin hakan daidai ne? Gidan namu akwai ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa bayan tanki.

Injiniyan Ruwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki bari a toshe shi ko a cire shi, ɗigar nan ita ce shaidar yana aikinsa. Bawul biyu ne a jiki ɗaya. Na farko nan-ritan ne, yana barin ruwan sanyi ya shiga hita amma ba ya barin na zafi ya koma. Na biyu na tsaro ne, sifirin ne ya danne wata 'yar ƙofa, idan matsin cikin hitar ya kai iyakar da aka rubuta a jikinsa, galibi bar 7 ko 8, sai ƙofar ta ɗaga ta zubar da ɗan ruwa. Ruwa yana ƙara yawa idan ya yi zafi, kusan kashi 2 cikin 100 daga sanyinsa zuwa digiri 65, ke nan hita mai lita 50 tana samun ƙarin da ya doshi lita 1, kuma tun da ruwa ba ya matsuwa, hanyar baya kuma a rufe take, dole ƙarin nan ya sami mafita.

Idan aka toshe, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne tukunyar ta tsage ta wurin walda. Mafi muni kuwa shi ne ranar da na'urar da ke kashe wuta idan zafi ya kai ta lalace: ruwan da ke cikin matsi yana wuce digiri 100 bai tafasa ba, da zarar tukunyar ta buɗe sai wani sashensa ya koma tururi nan take, tururi kuma yana cin wuri fiye da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi. Wannan yana rusa bango. Abin da ya kamata a yi shi ne a sa siririn tiyo a bakin a kai shi magudana, kada kuma a sa wani bawul tsakaninsa da hitar, sannan a riƙa ɗaga ɗan hannun lokaci-lokaci don kada ƙasa ta ƙame shi. Idan kuma yana ɗiga ko da hitar a kashe take, to ko datti ya maƙale a mazauninsa, ko sifirin ɗin ya gaji a canja shi da irinsa, ko injin naku yana turawa fiye da kima. Gida ba ya buƙatar fiye da bar 2 zuwa 3, kuma akwai bawul na rage matsi da ake sawa bayan inji don haka.

Mai Koyon Aiki

Barkanmu da war haka iyayena. Ni ina koyon aikin ne, kuma akwai abin da ke ba mu wahala a wani gida mai rijiyar gargajiya da injin ja na sama. Kullum da safe injin ba ya jan ruwa sai an buɗe an ɗura masa, alhali da yamma lafiya yake. Sannan mai gidan yana son mu sa masa bawul mai balan-balan a tankin sama, irin na tankin masai, don ya daina ambaliya idan an manta ba a kashe inji ba. Baba, ina za mu fara dubawa?

Tsohon Mai Famfo

Ɗana, ku fara da fut bawul, wato wanda ke can ƙarshen bututun cikin rijiya mai rariya a bakinsa. Shi ma nan-ritan ne, aikinsa ya riƙe ruwan da ke cikin bututu idan inji ya tsaya. Ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan tsinke idan ya zauna a bakin robarsa, ruwan zai yi ta zurarewa cikin dare, da safe injin ya tarar da iska, shi kuwa injin sama ba ya jan iska. Ku fito da bututun, ku cika shi da ruwa a tsaye ku gani ko yana ɗiga ta ƙasa. Idan ba ya ɗiga, to iska ce take shiga ta wani mahaɗi tsakanin rijiya da inji, ku kwance ku sake naɗa farin tef. Idan za ku mayar, kada fut bawul ya taɓa ƙasan rijiya, ku ɗaga shi kamar rabin mita don kada ya sha laka. Ku kuma gaya wa mai gidan ya daina barin injin yana juyawa babu ruwa, domin sil ɗinsa, wato zoben da ke hana ruwa zuba ta wurin sandar injin, zai ƙone. Ku auna zurfin ruwan ma, musamman da bazara, saboda injin sama ba ya jawowa daga fiye da mita 7 ko 8 komai kyawun fut bawul ɗinsa.

Injiniyan Ruwa

Maganar balan-balan kuma, ƙanena, ku ba mai gidan haƙuri. Wannan bawul an yi shi ne don ruwan da ke zuwa da kansa, kamar na hukuma ko wanda ke saukowa daga tanki zuwa masai. Idan aka sa shi a gaban inji, tanki na cika zai rufe hanya injin kuma yana ci gaba da juyawa, ruwan da ke cikinsa ya yi zafi, sil ya lalace ko mahaɗi ya ɓalle. A injin cikin burtsatse abin ya fi tsada, domin ruwan da ke wucewa ta jikin motar shi ne yake sanyaya ta. Abin da ya dace shi ne makunnin lantarki mai iyo, wanda ke rataye a cikin tanki yana kashe injin idan ruwa ya kai sama, ya kunna shi idan ya sauka, tare da bututun ambaliya da ya fi na shiga faɗi.

Ɗan Maraɗi

Gaisuwa ga dattawan zaure. Mu nan da yawanmu ruwan kamfani muke sha da mita, don haka lissafinmu ya ɗan bambanta. Akwai bawul kafin mita wanda na kamfani ne, mai gida kuma yana sa nasa bayan mita tare da nan-ritan. Amfanin nan-ritan ɗin yana bayyana ne a gidan da ya haɗa layin tanki da layin kamfani: idan aka ɗauke ruwa babban bututun titi ya zama fanko, ruwan tankinka zai bi ta baya ya tafi unguwa, ka wayi gari babu ko ɗigo. Haka nan duk tiyon da aka bari a nutse cikin baho ko kwatami, bututun da ya zama fanko yana iya tsotso abin da ke ciki ya shigar da shi layin da maƙwabta ke sha.

Mai mita kuma ya fi kowa sanin sharrin bawul ɗin tankin masai, domin idan robarsa ta gaji ruwa yakan yi ta silalewa cikin masai ba ƙara, ɗaruruwan litoci a yini, sai takardar kuɗi ta zo. Gwajin da muke yi shi ne a rufe kowane famfo a tsaya a kan mita. Idan tana motsi, a bi angil bawul ɗaya bayan ɗaya ana rufewa har ta tsaya. Ina da tambaya ga mai shago: mu a nan girman ana rubuta shi ne da lambobin Faransa, 15/21 da 20/27 da 26/34. Idan na sayo bawul a Kano zai hau kan namu?

Mai Shago a Ƙofar Ruwa

Zai hau, Malam. Lambar 15/21 ita ce rabin inci, 20/27 inci uku bisa huɗu, 26/34 kuma inci 1, kuma zaren duka ɗaya ne, wato na Ingila da ake kira BSP, wanda Faransa ma shi take bi a kayan famfo. Wanda za ka kiyaya shi ne zaren Amurka, NPT, da kan zo a jikin wasu injuna da matatun ruwa. A rabin inci dukansu zare 14 ne a kowane inci, shi ya sa yake fara shiga kamar ya dace, amma kusurwar haƙorin BSP digiri 55 ce ta NPT kuma 60, sai ya cije a hanya ya riƙa tsattsafo komai yawan tef. A inci 1 ma adadin zaren ya saɓa, na BSP 11, na NPT 11 da rabi. Idan ka haɗu da irinsa ka nemi mahaɗin da ke sauya zare, kada a matsa da ƙarfi.

Tsohon Mai Famfo

Tun da nan-ritan ya yawaita a maganar, a sani shi ma iri biyu ne a kasuwa, kuma ana yawan sa su a inda ba nan ba. Akwai mai marfi da ke lilo, akwai mai sifirin. Mai marfin, ruwa kaɗan ne yake buɗe shi, amma nauyinsa ne yake mayar da shi, don haka sai a kwance da murfinsa a sama, ko a tsaye inda ruwa ke hawa; idan aka sa shi a bututun da ruwa ke sauka zai zauna a buɗe har abada. Mai sifirin yana aiki ta kowace fuska kuma yana rufewa da wuri kafin ruwa ya juyo, shi ya sa ya dace a bakin burtsatse, inda ruwan mita 50 ko 60 yake tsaye a kan inji. Injin cikin rijiya yakan zo da nasa a ka, amma ina ƙara ɗaya a sama, domin idan na ƙasan ya gaza ruwan da ke komawa yana juya injin baya, kuma idan wuta ta dawo a daidai lokacin sandar na iya karyewa. A layin da ke saukowa daga tanki zuwa benen Alhaji kuwa kada a sa mai sifirin sai wanda ya zo da hita, domin sifirin ɗin ma yana da rabonsa a cikin ɗan bar 0.35 ɗin da Injiniya ya lissafa. Injiniya, a ganinka matatar yashi gara a sa ta kafin tanki ko bayansa? Ni kafin tanki nake sawa, inda inji ke da ƙarfin tura ruwa ta cikinta, da bol bawul a kowane gefe don a iya buɗe ta a wanke.